Teburin Ya Kellu Mai Sa Maɓalli

To, a wani shagon ɗinkin kayan makaranta da ke unguwar Wulari akwai wata dattijuwa, Ya Kellu, aikinta sa maɓalli. Mijinta ya rasu, 'ya'ya duk sun yi nisa, ɗakinta na unguwar Limanti daga ita sai tabarma. Mutanen shagon nan su ne mutanenta.

Shago ne kuwa a hargitse. Zare na can ƙurya, almakashi na hannun wadda ta riga ɗauka, ƙyallaye ko'ina. In Ya Kellu na son farin zare sai ta ratsa kekunan ɗinki, ta tambayi wannan jikin mijinta, ta ɗebi gyaɗar waccan, ta ƙarasa wajen Margaret mai yanka.

"Tsohuwa, zare kika zo nema ko gulma?" in ji Margaret.

"Duka biyu, marar kunya. Matsa in zauna."

Ana nan sai Muhsinat, 'yar mai shagon, ta dawo daga wani kwas na tsara wurin aiki. Yarinya ce mai hankali, ba ta raina kowa. Ta zauna tana kallon ƙafafun ma'aikata, ta ce yawon neman kaya ne ke cinye musu yini. Duk abin da ba a amfani da shi ta ɗaura masa jan ƙyalle, aka fitar. Aka share, aka ja layi da fenti a ƙasa, aka jera kekuna yadda riga za ta bi hannu-hannu, daga yanka a bakin ƙofa har zuwa maɓalli a can ƙarshe, jikin bango.

"Ya Kellu, ga zarenki, ga allurarki, ga almakashinki ke kaɗai," in ji Muhsinat. "Kin huta da tashi."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Kuma gaskiya aiki ya gyaru. Yadi ya daina ɓata, an daina faɗa kan almakashi. Riguna na zuwa mata cikin kwando, mai turowa ko kai ba ta ɗagowa. Margaret kuwa sai ɗankwalinta take hangowa. Wani lokaci dariya ta taso daga bakin ƙofa, Ya Kellu ta juyo da murmushi, amma ba ta ji abin da aka faɗa ba, kuma ba ta da dalilin tashi ta tambaya.

Rannan tun kafin azahar kwandon ya ƙare. Muhsinat ta zo tana murna.

"Kin gani ko, Ya Kellu? Aikin da ke kai ki magariba! Tafi gida ki miƙe bayanki."

Ya Kellu ta tuna ɗakin nan da rana tsaka, ƙofa a rufe, ba mai sallama. A nan kuwa ko ba da ita ake hirar ba, tana jin ƙarar kekuna da muryoyi a bayanta.

"To, 'yata. Bari in ɗan duba waɗannan, kamar ban ɗaure su da kyau ba."

Da yarinyar ta wuce, ta jawo rigar da ta gama. Maɓallan sun zauna daram. Ta sa reza ta tsinke na wuya, ta tsinke na ƙasansa, ta bi su har ƙasa. Sannan ta lashi bakin zare, ta shiga neman kafar allura a hankali.