Kainuwar Bakin Tafki

Ni na fara gani, kafin duk wani mai riƙe biro a ƙasar Gozaki. Ni Buba, da na ga fari biyu da kwalara ban faɗi ba. Ranar da Alhaji Sadiq ya juyo bututun gidan kifinsa cikin tafkinmu, na ɗebi ruwan na shinshina, na ce wannan taki ya yi masa yawa: kashin kifi ne da ragowar abinci.

Ban yi boko ba, amma na san magani. A mashigar ruwan na dasa ciyawar kachalla, na baza kainuwa. Su ke shanye takin. Duk Juma'a sai in kwashe rabi in kai gona. Shekara uku ruwa garau, 'yata Zakiyya na kiwon tarwada a ciki, da ita take ciyar da marayunta huɗu.

*

Sai aka ce baƙi za su zo daga birni ganin gidan kifin Alhaji. Abdulrahman, jami'in da aka turo, ya tsaya nesa da tafkinmu kada takalminsa ya jiƙe, yana nuna kainuwar.

"Baba, a cire wannan ƙazantar."

"Ƙazanta? Ɗan nan, ita ke wanke ruwan."

Ya yi dariya. "A wace jami'a aka koya maka?"

"A wadda ubanka ya sha ruwanta ya girma."

Kafin azahar ma'aikatansa sun tuge komai. Baƙi suka zo, suka yi hoto, suka tafi.

*

Ba a rufa wata ba tafki ya koma kamar miyar kuka. Wata safiya kifaye suka taso, ciki sama. Tarwada fa, mai taurin rai. Zakiyya ta shiga har gwiwa tana tsinta a kwando.

"Baba, in na yi bandarsu, za su ciwu?"

Ni da ba a raba ni da amsa, sai na shiga ruwan na taya ta tsinta.

Bana Abdulrahman ya dawo da farar mota. Wai sabuwar dabara ce daga waje, tsiro mai zuƙe fosfet, wato taki, daga ruwa. Na leƙa bokitin da ya sauke daga motar. Kainuwa ce. A gidan kifin Alhaji suka zuba ta, bututu kuwa yana nan.

Zakiyya na wanke-wanke a wani gidan abinci a Malumfashi. Yaran an rarraba su gidajen dangi.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo. Zan ɗebo masa ruwan tafkin a moɗa. In ya haɗiye kurɓi ɗaya, na yarda ban san komai ba.