Awarwaron Maiturare

Ƙarar ta fara ne bayan sallar isha'i, ƙarat, ƙarat, daga cikin garun da ya raba ɗakin Malam Dikko da gidan maƙwabcinsa Barau. Ba ɓera ba ne, ba kuma gara ba. Dikko, tsohon nan mai tara duwatsun gulbin Gummi a gwangwani, ya kafa kunne. Ya taɓa jin wannan ƙarar a wannan garun, shekarar da Laraba uwar Barau ta rasu.

Da safe ya tare Barau.

"Mi ka motsi ɗakin Innarku?"

"Ƙanwata Maiturare ta, an maido ta jinya. In zahin ya taso sai ta dinga goga awarwaro ga garu, kada ta yi kuwwa ɗiyarta Hamida ta ji."

"Awarwaron Laraba?"

"Shi hwa."

Bara ne aka kai Maiturare asibiti a Sakkwato, aka yanke mata mama. Da Dikko aka je, don ya ɗan taɓa boko kafin a cire shi a kai gona. Shi kaɗai likita ya ja gefe.

"Baba, ƙullin mun cire. Amma sankara ba ita kaɗai take tafiya ba. Naman da ke kewaye da ita, a wani jikin ya tare ta, a wani ya buɗe mata hanya. Wani lokacin a jini ake gadon abin. In tana da 'ya mace, a riƙa kawo ta muna dubawa."

Duk hanyar dawowa Dikko ƙudujin gonarsa, ciyawar nan mai kashe dawa, yake tunani: iska ɗaya ke watsa irin, amma gonar Barau lafiya lau, tasa dawar kuwa ta ƙone. Maganar likita ta zauna masa a ciki, bai san bakin da zai faɗe ta da shi ba.

Damina ta yi nisa, ƙarar tana raguwa. Ranar da garun ya kwana shiru, Dikko bai jira an aiko ba, ya ɗauki hularsa.

Bayan an kai Maiturare makwancinta, ya shiga yi wa mata gaisuwa. Masu wankan gawa suna ta ƙus-ƙus: ƙulli a hammata, ƙulli a wuya, har ɗaya gefen da ba a taɓa ba. Hamida na zaune a bakin ɗakin, tana riƙe da awarwaron, gefe guda ya cinye ya yi fari tas.

Sai Zaliha maƙwabciyarsu ta matso. Lokacin da ta haifi Hafsa nononta ya ƙafe, Maiturare ce ta shayar da yarinyar tare da Hamida, wannan a dama, wannan a hagu.

"Malam Dikko, kai ka ji likita da kunnenka. Laraba ta tahi da ciwon ga, ga Maiturare. Hafsata ta sha nonon nan har yaye. Don Allah hwaɗa min, cikin nono abin ga shike, ko cikin jini?"

Dikko ya buɗe baki. Hamida ta ɗago kai tana kallonsa. Ya mai da idonsa kan garun, inda ƙasa ta zaizaye daidai tsayin gado.

"Malam Dikko?"

A hankali Hamida ta zura hannunta cikin awarwaron.