Tawul Kafin Ƙuri'a

A bugu na bakwai ƙotar gudumar ta tsage. Kan ya yi tsalle ya faɗa cikin lambun albasar matar fasto, ya bar Dattijo Pyo Man-deok riƙe da guntun itace yana kallonsa. Shekara arba'in da ɗaya yana kaɗa wannan ƙararrawa, bugu goma sha biyu kowace Lahadi, bai taɓa tsayawa a bakwai ba.

Ƙararrawar ma ba ƙararrawa ba ce. Doguwar tukunyar iskar gas ce da sojoji suka yar a bakin gaɓa bayan yaƙi, mahaifinsa ya yanke gindinta ya rataye ta a bishiyar da ke gaban majami'a. Muryarta a shaƙe take kamar ta saniya mai mura. Amma Man-deok ya sha rantsuwa cewa idan iska ta taso daga kudu, ƙananan kifaye kan ɗago kai a mashigin Dolgae su saurara.

"Man-deok!"

Gwaggo Mal-sun ce ke hawowa tudun, tana tura tsohon keken jarirai da take dogarawa da shi, jakar shinkafarta kwance a inda jariri zai kwanta. Shekararta tamanin da takwas, kuma ita kaɗai ta rage a ƙauyen da ke kiransa da sunansa tsura.

"Bakwai na ƙirga," ta ce tana haki. "Ko sauran biyar ɗin sabon fasto ka ajiye wa?"

"Guduma ce ta karye, Gwaggo."

"Ba ita kaɗai ta tsufa ba. Gyara wuyan rigarka, yau kai ne ango."

Ranar ƙuri'a ce. Fasto Ok Sang-gil ya cika saba'in, zai sauka bayan shekara talatin da ɗaya a Dolgae. Yana da ɗa, Hyeon-u, shi ma fasto ne a birni, amma dokar majalisar gunduma ta hana ɗa ya gaji majami'ar ubansa, kuma Fasto Ok da bakinsa ya yabi dokar a kan mumbari. Ranar Kirsimeti ya kama hannun Man-deok ya naɗa shi shugaban kwamitin neman sabon fasto.

"Yaya, kai ka san garin nan," ya ce. "Rubuta mana yadda muke, don wanda zai zo ya san abin da zai tarar."

Man-deok ajinsa shida a makaranta, daga nan sai jirgin kamun kifi. Wata guda ya yi yana rubutu da fensir, ya cika shafi goma sha ɗaya. Ya faɗi cewa su sittin da uku ne, mafi yawansu sun haye saba'in. Makarantar ƙauyen ta rufe, akuyoyi ke kwana a ajin. Bas sau uku take zuwa a rana, idan direban bai yi faɗa da matarsa ba. A lokacin shanya ciyawar teku mutane kan zo sujada da ƙarnin gishiri a jiki, kada sabon fasto ya toshe hanci. Ya sa zancen kifayen da ke sauraron ƙararrawa. Fasto Ok ya ce ya cire wannan layin, bai cire ba.

Shafi biyu cur ya ba ƙusoshin da ke bangon zauren majami'a. Kowace mace in za ta dafa shinkafa sai ta ɗebi cokali ɗaya a kan kowane mutum na gidanta ta zuba a jaka, ranar Lahadi ta rataye jakar a ƙusarta, abin da gidan fasto zai ci ke nan. Idan mace ta rasu ba a zare ƙusarta. Yanzu ƙusa ɗari da arba'in ce a bangon, jaka talatin da takwas. Gwaggo Mal-sun har yau cokali biyu take ɗiba, nata da na mijinta da teku ta cinye shekara talatin da suka wuce.

Mutum goma sha tara suka nema, aka gayyaci uku su yi wa'azi. Akwai wani Fasto Tak, ramamme, da ya yi awa shida a bas, ya tsaya gaban ƙusoshin nan ya cire tabarau yana goge ido. Akwai kuma Fasto Yeom Ji-hwan, matashi mai laushin murya, wanda mahaifinsa ke da babbar majami'a a Daejeon. Fasto Ok bai ce a zaɓi kowa ba. Cewa kawai ya riƙa yi, "Yaya, ka sa wannan Yeom ɗin a addu'a." Asuba arba'in Man-deok ya yi yana durƙusawa a kan katakon majami'a, har ya ji zuciyarsa ta karkata. Da hannunsa ya rubuta wa Tak: mun yi addu'a, Ubangiji ya nuna mana wani. Yau kuma zai tsaya gaban ikilisiya ya maimaita wannan magana, sannan ya raba takardun ƙuri'a. Sai kashi biyu cikin uku sun ce e, kiran zai tabbata.

Akwai wata guduma a ɗakin ajiya na ƙarƙashin matakalar majami'a. Tun hunturu ƙofar take a kulle, mabuɗin yana wurin matar fasto, amma Man-deok ne ya kafa ƙofar, ya san in aka ɗaga ta sama kaɗan sakatar za ta saki. Ya shiga yana lalube cikin ƙura. Gwiwarsa ta bugi wasu kwalaye da aka lulluɓe da tsohon labule. Ɗaya bakinsa a buɗe yake.

Tawul ne, farare, an naɗe su a jere.

Bai yi mamaki ba da farko. Ba a taron arziki ba tawul. Ko an sa sabon jirgi a ruwa, ko wani ya cika sittin, sai an buga suna da kwanan wata a jikin tawul an raba. A gidansa ma da tawul ɗin bikin cikar sittin na wani abokinsa da ya daɗe da rasuwa yake goge fuska kowace safiya. Ya zaro ɗaya, ya kai bakin ƙofa inda haske yake.

Tunawa da naɗin Fasto Yeom Ji-hwan, Majami'ar Dolgae, sha biyu ga Mayu.

Ya yi ɗan murmushi. Matar fasto ke nan da gaggawa, ba ta iya ganin rangwame ta wuce. Sai idonsa ya kai kan takardar da masu kawo kaya suka manna a jikin kwalin. Tara ga Disamba. Ya sa yatsa a ƙarƙashin lambar ya bi ta a hankali, yadda yake bin aya. Mako biyu ke nan kafin Kirsimeti, kafin a kama hannunsa, kafin ya feƙe fensir.

Ya yaga bakin kwali na ƙasa. Waɗannan shuɗaye ne. Sunan Fasto Ok Hyeon-u ne a jikinsu, da sunan babbar majami'ar nan ta Daejeon, ta mahaifin Yeom. Takarda ɗaya, rana ɗaya, shago ɗaya.

Ya manta da gudumar.

Fasto Ok yana ƙaramin ɗakin bayan mumbari yana zura baƙar rigarsa. Bai juyo ba ya ce, "Dattijo, yau ƙararrawarka ta yi rowa."

Man-deok ya shimfiɗa fari da shuɗi a kan tebur, gefe da gefe, ya lallashe su da tafin hannu. Faston ya tsaya da hannu ɗaya a cikin riga. Daga cikin majami'a ana jin mai molo tana gwada waƙar farko, tana kuskure a wuri ɗaya tana komawa.

"Yaya..."

"Yau kada ka ce mini Yaya."

"Ba a karya doka ba. Ɗana bai gaje ni ba. Ɗan faston Daejeon ma bai gaje shi ba."

"Musaya kuka yi. Ka ba shi mu, ya ba ka su."

Fasto Ok ya zauna. A zaune ya fi tsufa. "Hyeon-u shekararsa arba'in da huɗu. Shekara goma sha shida yana riƙe wa wasu jaka. 'Ya'ya uku a ɗaki biyu, matarsa na wanke kwanuka a gidan abinci. Ni kuma na ƙare rayuwata a nan ina cin shinkafar cokali, ban bar masa komai ba sai suna. Da kai ne fa? Kuma Yeom mutumin kirki ne, kai ma ka gani."

"Na gani."

"To me ya yi zafi?"

"Da ka faɗa mini haka ranar Kirsimeti, da na yi fushin kwana uku, in zo in sa hannu. Ka san ni." Man-deok ya dafa tebur. "Amma asuba arba'in ka bar ni a durƙushe. Kana zaune a bayana, kana jina ina tambayar Ubangiji abin da yake a rubuce a ƙarƙashin matakala. Har kana cewa amin."

"Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza."

"Na rubuta wa Tak cewa Ubangiji ne ya nuna mana. Da sunan Ubangiji na yi wa bawan Allah ƙarya, da fensirina."

Faston ya miƙo hannu ya kama bakin rigarsa. "Ni na zauna da kai a asibiti kwana tara lokacin jinyar matarka. Ni na yi mata addu'ar ƙarshe. Ban taɓa roƙonka komai ba. Minti biyu ne, Yaya. Ka karanta abin da ka shirya, ka raba takardu. Bayan haka ka tsane ni har in mutu, na yarda."

Man-deok ya dubi hannun. Hannun da ya yi wa jikokinsa baftisma ne. Ya zare bakin rigarsa daga hannun a hankali ya fita.

Bai ji wa'azin ba. Daga kujerarsa yana hango bangon zaure ta ƙofar da aka bari a buɗe, jakunkuna jefi-jefi, tsirarun ƙusoshi sun fi yawa. Ta matarsa ita ce ta huɗu a layi na biyu, ta ɗan lanƙwashe. Ya tuna yadda take karkaɗe cokalin a bakin jaka don kada ƙwaya ɗaya ta maƙale. Idan ya yi shiru, nan da wata guda za a ci taliya a raba tawul, kowa ya yi murna, tsofaffin nan su mutu ba su sani ba. Idan ya yi magana, ya tozarta mutumin da ya fi kowa kusa da shi, kuma wataƙila Dolgae ta shekara babu fasto. Wa zai yi awa shida a bas ya sake zuwa?

Da aka tashi waƙar ƙarshe, ya sulale. A bakin ƙofa ya tarar da keken Gwaggo Mal-sun.

"Yanzu shugaban kwamiti zai gabatar mana da wanda Ubangiji ya nuna," in ji Fasto Ok, idonsa a kan takarda.

Ƙugin ƙafar keken ne ya amsa masa. Man-deok ya turo shi ta tsakiyar majami'a, tawul sun cika shi har suna zubowa. Bai hau mumbari ba. Ya tsaya a layin farko, ya miƙa wa kowa takardar ƙuri'a ɗaya da tawul ɗaya, yana rusunawa kamar yadda ake yi a wurin biki, ya wuce layi na biyu.

"Kai, ɗan nema, kekena ne wannan!" in ji Gwaggo Mal-sun. Aka yi dariya. Ta karɓi nata ta warware, ta nisanta shi da ido. Tana da shekara saba'in ta koyi karatu, kuma ba ta iya yinsa a zuci.

"Tu-na-wa... da na-ɗin... Fas-to Yeom... Ji... hwan." Ta ɗago. "Af. Ashe an riga an yi? Ina nake?"

"Ni nawa shuɗi ne," in ji wani tsohon masunci daga baya. "Kuma sunan ɗan Fasto ne a jiki. Daejeon? Wace majami'a ce wannan?"

"Ta uban Yeom ɗin ce," wata ta amsa. Daga nan dariyar ta mutu.

Matar fasto ta sa hannu biyu ta rufe fuska. Fasto Ok yana tsaye riƙe da gefen mumbari, yana kallon Man-deok, shi kuwa bai ɗaga kai ba har ya gama layin ƙarshe.

Gwaggo Mal-sun ta jawo hannun rigarsa da ya zo mayar mata da keken. Ta rage murya, abin da ba ta saba ba. "Man-deok, to me za mu rubuta a takardar?"

"Abin da kika ga dama, Gwaggo. Yau dai naki ne."

Ya ajiye tasa takardar a kan kujera ba rubutu, ya fita. Rana ta take, iska na tasowa daga kudu. Ya shiga lambun albasa yana buɗe ganye da ƙafa har ya ga kan gudumar ya nutse rabi a ƙasa. Ya ɗauko, ya goge shi da tawul ɗin da ya rage a hannunsa, ya je gindin bishiya. Ba ƙota, don haka ya damƙe ƙarfen a tafinsa, ya cika biyar ɗin da suka saura.