Shirun Teburin Sabuwar Akawu

"Barci kuma, ranka ya daɗe? Idonka ne ya gani, ko kunnenka ne ya kai maka gulma?"

Iya mai shara ta jingine tsintsiya a ƙofar ofishin manaja. Wai zai sallami sabuwar akawu don ba ya jin ƙarar kibod ɗin kwamfuta daga teburinta, ya ce barci take yi. Shi a wajensa, ƙwas-ƙwas ɗin nan shi ne aiki.

Iya ba ta san ko bihim ba, amma tana da ido. Yarinyar ta sa wa kwamfutarta wata manhaja. Sai ta danna maɓallai uku lokaci guda, kalma ta faɗo cikakkiya. In ta taɓa harafi biyu, doguwar gaisuwar wasiƙa ta shimfiɗe kanta. Sauran ma'aikata kuwa suna ta caccakar kibod kamar kaji sun sami tsaba.

Daga ciki manaja ya sake ƙorafin shirun.

Iya ta gyara ɗaurin zane. "To, ni ke kwaso maka takardun sa hannu. Na masu ƙarar, da yatsa biyu nake riƙo su. Nata kuwa sai na yi gammo. Kore ta mana, wuyana ya huta."