Zane Ɗari Uku a Jere

Ɗantani na Toranke mutum ne mai kai, kuma ya san da haka, nan ma matsalar take. Yana ɗan shekara sha biyar ya haddace Alƙur'ani. Don haka da Alhaji Tukur, dillalin riɗi a Ajingi, ya ce yana neman mai karanta masa takardun 'yan China da ke sayen kayansa a Kano, Ɗantani ya ce a ba shi wata uku kawai. Abin da gonarsa ke bayarwa ba ya kai iyalinsa tsakiyar rani, aikin nan yake so ido rufe.

Ya samo takarda mai zane ɗari uku na rubutun China, kowanne da ma'anarsa, ya bi ta yadda ya saba bin allo, daga sama har ƙasa, yana rangaji. Mutum, baki, dutse, ruwa. Ko a hanyar gona bakinsa ba ya hutawa.

Ranar gwaji Alhaji ya kai shi Gaya wajen Malama Afra'u, wadda ta yi karatu a can ƙasar. Ta zaro kati ɗaya daga tsakiyar tari ta ɗaga masa. Ya san zanen nan, wallahi ya san shi, kamar fuskar wanda kuke haɗuwa kullum a kasuwa, amma ma'anar ta ƙi zuwa. Sai ya rufe ido ya ɗauko daga farko. Sai da ya kai na ɗari da arba'in kafin ya ce ma'anarsa nauyi. Daidai ne, amma shayin Alhaji ya riga ya huce.

Malama ta yi masa bayani cewa mai karanta irin wannan rubutu da kallo ɗaya yake gane zane, ta siffarsa da sassansa, sau da yawa wani sashe ya nuna ma'ana, wani ya nuna sauti.

"Malam, jerin ka haddace. Ka san maƙwabcin kowa, ba ka san kowa ba."

Haushi ya turnuƙe shi. Ya nemi a bar shi ya kawo su duka, ya kuwa zubo ɗari ukun ba tuntuɓe. Alhaji ya ce masha Allah, sannan ya ce a bakin sikeli babu mai jiran tilawa, zai nemi wani.

A hanyar komawa motarsu ta maƙale a bayan wata tifa mai manyan zane huɗu a gindinta. Duk ya san su. Har suka isa Ajingi yana kallonsu, takaici kamar ya yi kuka, bai iya kiran ko ɗaya ba.