Babi Ukun da Aka Cire

Sharfuddeen malamin Larabci ne a wata sakandaren 'yan mata a Omdurman ta ƙasar Sudan, kuma littafi ɗaya tak ya rubuta a rayuwarsa. Labarin wata yarinya ne 'yar shekara goma sha shida, wadda ta ƙwallafa rai a kan wani saurayi har hankalinta ya taɓu. Ba ƙirƙiro ta ya yi ba. Nabila ce, 'yar ƙanwarsa Hadizatu, da suke zaune gida ɗaya a unguwar Alsawra.

Nabila ba ta taɓa yin doguwar magana da saurayin, Wa'il, ba. Mota ɗaya dai suke shiga kowace safiya. Ta san rigunansa duka, ta san ranar da yake aski, ta cika littafin lissafinta da sunansa. Wata Talata a shekarar 1996 sojoji suka tare motar kusa da kasuwa, suka sauke samari don aikin soja na dole. A kan idonta aka tura shi bayan babbar mota. Bayan wata biyar saƙon mutuwarsa ya zo wa iyayensa daga fagen yaƙi a Kudu, babu gawa.

Daga nan Nabila ta daina zuwa makaranta, amma ba ta daina zuwa tasha ba. Duk dogon saurayin da ta gani sai ta bi shi a baya, ba ta cewa uffan. Wata rana har unguwar Kalakla mai nisa aka je aka ɗauko ta, tana zaune a ƙofar gidan mutanen da ba ta sani ba.

Shekara biyu Sharfuddeen ya yi yana rubutu. Da ya gama ya kai ofishin gwamnati da ke duba littattafai kafin a buga. Jami'in ya karɓe shi da fara'a, har ya sa aka kawo shayi.

"Ustaz, aikinka ya yi kyau. Babi na huɗu da na biyar da na tara ne kawai ba su da amfani."

"In aka cire su, ina yaron ya tafi?"

"Ya yi tafiya. Ai mutane na tafiya."

Mako guda ya yi yana juya maganar. Yana da aiki, yana da iyali, kuma ya gaya wa kansa rabin labari ya fi babu. Ya sa hannu.

Da littafin ya fito, wata ƙungiyar masu karatu a Khartoum ta shirya zama a kansa bayan la'asar. Idirisu, abokinsa tun jami'a, wanda ke sharhin littattafai a jarida, shi ya fara magana, kuma bai rage masa komai ba. Ya ce saurayin ya ɓace tsakanin shafi biyu ba tare da an ce ga dalili ba. Ya ce babi na takwas ya ambaci wasiƙar da ba a taɓa aikowa ba. Ita kuwa yarinyar, a cewarsa, ba ta da zuciya ba ta da tarihi, hauka kawai aka ɗora mata don a tsorata mai karatu.

A layin baya akwai mutum biyu da ba wanda ya san su, masu kama da jami'an tsaro. Sharfuddeen ya dube su, ya dubi abokinsa.

"Gaskiyarka ce," in ji shi. "Ban iya ba."

Wannan bai yi masa ciwo kamar abin da ya tarar a gida ba. Ɗalibansa sun karanta littafin, sun gane Nabila, sun kai labari unguwa. Da ana cewa ba ta da lafiya, ana yi mata addu'a. Yanzu sai aka koma cewa bin maza take yi, ga shi kawunta da kansa ya rubuta.

Hadizatu ta same shi a tsakar gida yana alwala.

"Yaya, ka ce mini za ka faɗi abin da aka yi mata."

"Na rubuta, Hadizatu. Cirewa aka yi."

"Da sai ka ɗauko abinka ka dawo gida. Yanzu abin da ta yi kaɗai ka faɗa wa duniya."

Kafin azumi ta kwashe kayanta ta koma unguwar Alshajara wajen dangin mijinta. Can aka riƙa kulle Nabila a ɗaki, don kada ta fita titi, har ta rasu tana da shekara ashirin da uku. Sharfuddeen ya je jana'iza, ya tsaya a sahu na biyu. Da ya shiga yin ta'aziyya, Hadizatu ta amsa masa kamar yadda ta amsa wa maƙwabta.