Makullin Rahinatu

Su uku ne a ɗan ofishin nan na Sabon Gari, suna haɗa manhajar da za ta riƙa sanar da manoman Dagumawa lokacin ban ruwa. Muhsin ne babba, shi ke riƙe da saba, wato babbar kwamfutar da suke ajiye aikin a kanta. Kowannensu yana da makulli na sirri a kwamfutarsa, wato wasu lambobi na shiga, sabar kuma ba ta buɗe wa kowa sai wanda Muhsin ya sa sunan makullinsa a jeri.

Ranar Alhamis ne Rahinatu ta nuna masa kuskure a aikinsa, a gaban Yahuza, abokin aikinsu. Ba da gatse ta faɗa ba. Cewa kawai ta yi lissafin kwanakin ya zame da kwana ɗaya, za ta gyara. Yahuza ya yi 'yar dariya. Dariyar nan ce ta tsaya wa Muhsin a rai.

Da suka tashi bayan la'asar, ya shiga sabar ya cire makullinta. Layi ɗaya ne, ko minti bai ɗauke shi ba. Nufinsa ta kira ta ce, "Malam, na kasa shiga," shi kuma ya ɗan ja mata rai kafin ya mayar.

Ba ta kira ba. Litinin ba ta zo ba, Talata ma haka. Sai ya buɗe inda sabar ke rubuta duk wanda ya nemi shiga. Sau goma sha bakwai ta gwada daga gida ranar Juma'a, tun daga hantsi har azahar, kowanne an hana ta.

Ya jima yana kallon jerin kafin ya mayar da makullinta, ya ɗauki waya ya kira ta.

Suka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi aiki.

"Rahinatu, na mayar miki da makullin."

"Ai na goge shi, Malam," ta ce, muryarta ba fushi. "Da farko na ɗauka ni ce na lalata wani abu. Har sabon makulli na yi, sai na tuna kai ne za ka sa shi a jeri. A nan na gane."

"Da kin kira ni."

"In ce me?"

Sai ta ce wani kamfani a Kano ya jima yana nemanta, jiya ta amsa musu. Gyaran kuwa za ta turo wa Yahuza ta imel, don kada manoma su sha wahala.

Da yamma gyaran ya iso, tsaf, har da bayani a kan kowane layi. Yahuza ne ya ɗora shi a sabar da nasa makullin, don haka sunansa ne ya fito a kan aikin. Muhsin ya ce a rubuta nata a ƙasa. Yahuza ya rubuta bai ɗago kai ba, ya rufe kwamfutarsa ya ce zai je salla.